Ƙwayoyin NK da kansar mafitsara, ƙoda da furostet: yadda zaka bi abin kafin ka sa gona a kasuwa

Yanzu duk gidan da aka ce wani ya kamu da kansar mafitsara ko ta ƙoda ko furostet, kafin a gama jajanta wa juna wani cikin dangi ya riga ya turo bidiyo a gurup ɗin WhatsApp, wai akwai sabon magani a ƙasar waje, ba tiyata ba kemo ba gashin radiyeshan, jinin mutum kawai za a ɗiba a ciro sojojin jiki a kiwata su a mayar masa su cinye kansar. Sojojin da ake nufi su ne ƙwayoyin NK. Kuma ba ƙarya ba ne akwai su, ana bincike na gaske a kansu, har akwai maganin da hukuma ta amince da shi wanda ta hanyarsu yake aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne abubuwa kusan uku ne daban-daban ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, kuma wanda aka fi tallatawa a cikinsu shi ne ya fi ƙarancin hujja. Toh bari mu bi shi daki-daki, musamman kai da aka ɗora wa riƙe fayil ɗin Baba da yin magana da likitoci.

Su NK ɗin wani jinsi ne na fararen ƙwayoyin jini, daga ɓargo suke fitowa, a cikin rukunin da ake kira limfosait su ne kamar kashi 5 zuwa 15 cikin 100. A 1975 aka gano su, Rolf Kiessling da abokan aikinsa a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, da kuma Ronald Herberman a Amurka, kusan lokaci guda. Abin da ya ja hankalinsu shi ne ƙwayoyin nan suna kashe ƙwayar kansa ba tare da sun taɓa haɗuwa da ita a baya ba. 'Yan'uwansu ƙwayoyin T kamar ɗan sanda suke wanda sai an ba shi hoton ɓarawo sannan ya fita nema, shi kuwa NK maigadi ne a bakin get yana duba katin shaida, duk wanda ba shi da kati ya shiga uku. Lafiyayyar ƙwayar jiki tana ɗauke da wata alama a bayanta da ake kira MHC-1, ita kuma kansa sau da yawa tana ɓoye wannan alamar don kada ƙwayoyin T su gane ta, toh wannan ɓoyewar ita ke tona mata asiri a wurin NK. Klas Kärre ne ya fito da wannan bayanin a shekarun 1980. In NK ta kama ƙwayar sai ta manne mata ta huda ta da wani sinadari mai suna perforin ta zuba mata wani da ake kira granzyme, shikenan ta mutu. Tana kuma da wani maƙali mai suna CD16 da take riƙo ƙwayar da aka riga aka yi wa tambari da maganin antibodi, wato sinadarin garkuwa da ke manne wa ƙwayar cuta ya nuna ta. Iya wannan ya ishe ka, ba jarrabawa zaka rubuta ba.

Fara da takardar lab, ba da bidiyo ba

Kafin ka tambayi kowa zancen NK, ka san ainihin sunan ciwon. "Kansar mafitsara" kawai ba ta isa ba, don ma a bakin mutane da gidajen rediyo ana haɗa ta mafitsara da ta furostet a kira su da suna ɗaya alhali wuri daban, magani daban. Abin da kake nema shi ne rizal ɗin histoloji, wato takardar da ta fito bayan an yanki tsoka daga ƙarin an kai lab. In ba a yi wannan ba toh ba a ma fara ba, sikanin shi kaɗai ba ya faɗin irin kansar.

In ta mafitsara ce, ka buɗe takardar ka nemi abu biyu. Na farko irinta, zaka ga an rubuta urothelial ko squamous, wani lokacin adenocarcinoma. Na biyu zurfinta, zaka ga Ta ko T1 ko CIS, waɗannan na nufin tana saman fatar cikin mafitsara bata taɓa tsokar bangon ba, in kuwa ka ga T2 zuwa sama toh ta shiga tsoka. Ka sa biro ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin nan biyu, don duk abin da zai biyo baya a kansu ya rataya.

Nan ne kuma lamarinmu ya sha bamban da na Turawa. A Turai da Amurka mafi yawan kansar mafitsara urothelial ce, taba sigari ce kan gaba wajen jawo ta, kuma da yawa ana gano ta tun tana sama-sama. Mu kuwa muna da tsargiya. Yaro ya taso yana wanka a kududdufi da dam da fadamar shinkafa, yana fitsarin jini ana cewa ai girma ne ya zo, ƙwayayen tsutsar suna maƙale a bangon mafitsara shekara da shekaru suna ƙona ta, sai ya kai shekara 40 ko 50 ƙari ya fito, kuma irin squamous. Likitocin fitsari a Sakkwato da Kano da Maiduguri sun daɗe suna ganin wannan, haka ma a Masar kafin su ci ƙarfin tsargiya. Kuma galibi sai ta shiga tsoka ake zuwa asibiti. Irin wannan, maganin NK da aka amince da shi ba nata ba ne, babban maganinta tiyata ce in har da sauran dama. Gara ka ji wannan tun yanzu da ka ji shi bayan ka biya kuɗin biza.

Tunda kana asibitin, ka karɓi kofi na komai, rizal ɗin histoloji, faifan CT ba rahoton kaɗai ba, gwajin ƙoda, gwajin jini, gwajin jinin da ake kira PSA in furostet ce, sunayen magungunan da aka taɓa bayarwa da ranakunsu. Ka kuma tambayi lab yadda ake karɓar bulok ɗin tsokar da aka yanka da silaid ɗin gilashin da aka duba ta a kai, don duk asibitin kirki da zaka je a waje sai sun sake dubawa da idonsu.

Hanya ta farko, tayar da NK ɗin da ke jikin mutum

Wannan ita ce hanyar da ta fi tsayuwa da ƙafarta, kuma abin dariya ita ce ba a yi wa bidiyo. Ba a ciro komai daga jiki, magani ake bayarwa ya zaburar da sojojin da ke nan.

Tsohon cikinsu shi ne BCG. Eh, sunan nan da ka sani na allurar tarin fuka da ake wa jarirai ta bar tabo a dantse, sai dai na mafitsara shiri ne daban kuma yawansa ya ninka na jarirai nesa ba kusa ba, kar wani ya ce zai haɗa maka da na rigakafi. Wani likita a Kanada, Alvaro Morales, shi ya fara bayar da rahoton zuba shi a mafitsara a 1976, kuma har yau shi ne kan gaba ga kansar urothelial mai haɗari da bata shiga tsoka ba. Yana tayar da kumburi a cikin mafitsara, sojojin jiki su yi dafifi a wurin, kuma a gwajin ɓeraye an ga in aka cire NK toh BCG ɗin baya aiki yadda ya kamata. Kaga kenan mutane sun shekara kusan 50 suna cin moriyar NK ba tare da an kira sunan ba.

Ga yadda ranar take. Da farko sai an kankare ƙarin ta hanyar fitsari da na'ura mai kyamara, a jira aƙalla sati 2 wurin ya warke. Ranar zubi mutum ya rage shan ruwa da shayi na 'yan awoyi kafin ya je, don kada fitsari ya taru ya tsinka maganin. Za a duba fitsarin, in akwai jini da ido ke gani ko infekshan toh a ɗaga, kar ka matsa wa nas wai kun zo daga nesa, don in ƙwayar ta shiga jini abin ba wasa ba ne. In komai lafiya sai a sa siririyar robar fitsari, a zubar da abin da ke ciki, a tura maganin kamar mil 50, a zare robar. Sai riƙo, awa 2 ake so, kuma ga dattijo mai mafitsarar da ta sha wahala awa biyun nan tana da tsawo, ka zauna kusa da shi ka ja shi da hira. In lokaci ya yi ya tsuguna ko ya zauna ya yi fitsarin don kada ya fantsama, a zuba bilic a masai a bar shi kamar minti 15 kafin a kora, a yi ta haka duk fitsarin da zai yi cikin awa 6 na farko, ya wanke hannu da gabansa da sabulu, sannan ya sha ruwa sosai. In gidan yawa ne masai ɗaya, ku ware masa fo. Zafin fitsari da yawan zagayawa da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya zuwa biyu duk an saba gani. Amma zazzaɓi mai zafi da ya ƙi sauka, ko rawar sanyi mai tsanani, ko numfashi sama-sama, kar a tsaya cewa maleriya ce a tafi kemis, a koma asibitin da aka yi zubin a gaya musu BCG aka zuba. Ana yin haka sau ɗaya a sati har sati 6, daga baya a riƙa ƙarin sati 3 a wata na 3 da na 6 da sauransu, shekara 1 zuwa 3 gwargwadon haɗarin. Mai tarin fuka a jiki ko wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai ba a yi masa. Sannan ka sani BCG na mafitsara yana ƙaranci a duniya gaba ɗaya shekaru da dama yanzu, don haka ka tambayi likita tun farko ko za a samu na sati shidan a jere.

Toh in an yi BCG yadda ya dace kansar ta ƙi ji fa? Nan ne sabon maganin ya shigo. A watan Afrilun 2024 hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta amince da Anktiva na kamfanin ImmunityBio, wanda a wurin bincike ake kira N-803. An gina shi ne a kan wani sinadarin jiki mai suna IL-15, shi ne abincin da NK ke hayayyafa da shi, yana kuma tayar da wasu ƙwayoyin T. Haɗa shi ake da BCG a zuba ta robar fitsarin nan dai, sau ɗaya a sati har sati 6 sannan a ci gaba da na riƙo. A gwajin da aka dogara da shi, cikin mutum 77 kashi 62 cikin 100 kansar ta ɓace gaba ɗaya a dubawa, kuma cikin waɗanda ta ɓace musu kashi 58 sun kai shekara ko fiye bata dawo ba. Ba laifi ko kaɗan. Amma ka lura da wa aka yi wa, masu CIS, wadda bata shiga tsoka ba, wadda BCG ya gaza a kanta. Kuma gwajin ba a kwatanta da wani rukuni na daban ba, kowa maganin aka ba shi. Kuɗinsa kuma a Amurka a 2024 ya haura dala 30,000 kowane zubi ɗaya, ka lissafa da kanka. Akwai kuma wasu zaɓin a wannan matakin, kamar pembrolizumab da aka amince da shi a 2020, ko kemo da ake zubawa cikin mafitsara wanda ya fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi, ko cire mafitsarar.

A ɓangaren ƙoda ma akwai tsohon labari. A 1992 aka amince da wani sinadarin jiki mai suna IL-2, a zubi mai ƙarfi, ga kansar ƙoda da ta bazu, bayan aikin Steven Rosenberg na shekarun 1980, shi ma NK da T yake zaburarwa. Kamar kashi 15 cikin 100 ƙarin ya ragu, kamar kashi 7 ya ɓace gaba ɗaya kuma wasunsu suka daɗe lafiya lau, sai dai wahalarsa ba kaɗan ba ce, jini ya faɗi, jiki ya kumbura da ruwa, sai a asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman. Yanzu an fi komawa ga su nivolumab da ipilimumab ko pembrolizumab da axitinib. Akwai kuma avelumab, antibodi ne da ban da sakin birkin da kansa ke taka wa ƙwayoyin T an ga a lab yana iya jawo NK ta maƙalin CD16 ɗin nan, an amince da shi a 2020 ga kansar urothelial da ta bazu bayan kemo ya tsayar da ita, a gwajinsa tsaka-tsakin rayuwa ya kai wata 21 maimakon wata 14 na waɗanda ba a ba su shi ba. Waɗannan duk magunguna ne da likitan kansa na gida ya sani, zaka iya tambayarsa kai tsaye.

Hanya ta biyu, ƙarin ƙwayoyin NK a cikin gwaji

Ita ce wadda ake ɗaura wa mutum leda kamar ƙarin jini. Har zuwa 2025 babu wata ledar ƙwayoyin NK da FDA ta amince da ita a matsayin maganin kowace irin kansa, duk a matakin gwaji suke. Ka riƙe wannan jimlar da kyau.

Yadda ake yi a gwaji na gaske, ana samo ƙwayoyin ne daga wani mutum daban, ɗa ko ɗan'uwa na jini, ko daga jinin cibiyar jarirai da aka adana, ko daga wani layin ƙwayoyi da ake rainonsa a lab kamar NK-92 wanda aka samo daga wani mai kansar jini a 1992 kuma sai an haska masa radiyeshan kafin a sa wa mutum. Dalilin da ya sa aka fi son na wani shi ne NK ɗinka ta saba da katin shaidarka, in kansar bata jefar da katin duka ba sai ta ƙyale ta, ta baƙo kuwa bata san wannan ladabin ba. In daga mutum ne, za a haɗa shi da wani inji na 'yan awoyi jini na fita ta hannu ɗaya yana komawa ta ɗayan ana tace fararen ƙwayoyi, a cire ƙwayoyin T don kada su afka wa jikin marar lafiya, sannan a yi rainon NK ɗin kamar sati 2 zuwa 3 a ɗakin da ko ƙura bata shiga. Shi kuma marar lafiya, ga abin da masu talla ba sa faɗa, yawanci sai an ba shi kemo na 'yan kwanaki, fludarabine da cyclophosphamide, don a rage nasa sojojin su ba baƙin wuri. Wato maganar ba kemo ɗin nan bata taso ba. Bayan an ɗaura ledar sai sa ido, don jininsa ya yi ƙasa kuma ƙaramin infekshan na iya zama babba, kuma baƙin ƙwayoyin ba sa daɗewa, cikin 'yan makonni jiki ya share su.

Sakamako fa? A kansar jini akwai abin nunawa. A 2005 Jeffrey Miller a jami'ar Minnesota ya ba masu wata kansar jini mai tsanani su 19 NK na danginsu, 5 suka samu ta lafa gaba ɗaya. A 2020 tawagar Katy Rezvani a MD Anderson ta Texas ta yi amfani da NK na jinin cibiya da aka ƙara wa wani maƙali na musamman, abin da ake kira CAR-NK, cikin mutum 11 takwas suka amsa, bakwai ta ɓace, kuma ba tare da mummunan zazzaɓin nan da ruɗewar ƙwaƙwalwa da CAR-T, wato irin wannan dabarar da ƙwayoyin T, ke kawowa ba. Wannan ne ya sa duniya ta ɗauka. Amma duk kansar jini ce da ta kaluluwa. A wancan gwajin na 2005 akwai masu kansar ƙoda a ciki, su ba a ga irin wannan nasarar ba. Ƙari mai tauri yana da wuyar shiga, cikinsa iskar oksijin ta yi ƙaranci, yana kuma fitar da sinadarai irin su TGF-beta da ke kashe wa NK jiki, ta iso bakin wurin ta yi lakwas. Yanzu ana ƙera CAR-NK masu neman wata alama mai suna CD70 a kansar ƙoda da masu neman wata mai suna PSMA a ta furostet, amma duk a matakin farko suke, inda ake duba ko jiki zai ɗauka da kuma nawa za a bayar.

In duk da haka kana son neman gwaji, kuma ba aibu ba ne musamman in magungunan da aka sani sun ƙare, ka shiga shafin intanet na gwaje-gwajen magani, ClinicalTrials.gov, ka rubuta sunan kansar kamar yadda yake a takardar lab tare da NK, ka zaɓi waɗanda ke ɗaukar mutane yanzu. Kowanne yana da lamba mai farawa da NCT, ka kwafe ta. Ka duba mataki na nawa ne, na 1 ko na 2 ko na 3, ka duba wa ke ɗaukar nauyi, jami'a ce ko cibiyar kansa da aka sani. Sai ka gangara wurin sharuɗɗa, nan ne da yawa ke faɗuwa, ana so mutum yana iya tashi ya yi harkokinsa ba wanda ke kwance ba, ƙoda da hanta suna aiki daidai gwargwado, kuma sau da yawa ciwon hanta na B da ba a shawo kansa ba yana hana shiga, mu kuma kun san yadda yake da yawa a cikinmu, don haka a yi gwajin tun a gida. Kar ka aika saƙon da kanka kai kaɗai, ka kai wa konsoltan lambar ka ce, ranka ya daɗe Dakta ga wani gwaji da muka gani, Baba ya cika sharuɗɗan kuwa, in ya cika za a taimaka mana da wasiƙa? Wasiƙar likita zuwa likita ita ake amsawa da wuri. Kuma shigar gwaji cikin wannan shafin ba shaidar inganci ba ce, rajista ce kawai, masu neman kuɗi ma suna sakawa.

Hanya ta uku, wadda ke cikin bidiyon

Akwai asibitocin kuɗi a ƙasashe irin su Japan da Meziko da Tailan da ke ɗibar jinin mutum su raini NK ɗinsa su mayar masa, zagaye shida ko fiye, kowane zagaye da farashinsa. Wasu wuraren doka ta ba su izinin yi, amma izinin yi daban, shaidar yana warkarwa daban. An gwada wannan dabarar a cibiyar kansa ta gwamnatin Amurka, rahoton ya fito a 2011, mutum 8 aka mayar wa NK ɗinsu masu ɗimbin yawa, bakwai masu kansar fata ɗaya mai ta ƙoda, ƙwayoyin suka zauna a jini har na tsawon lokaci amma ko mutum ɗaya ƙarinsa bai ragu ba. Gwajin ƙarami ne, na yarda, amma masu sayarwar ne ya kamata su kawo babban da ya ƙaryata shi.

Tambayoyin da zaka yi wa ejan ko asibitin ba su da yawa. Ƙwayoyin wa za a sa, nasa ko na wani? Wace hukuma ce ta amince da wannan ga irin wannan kansar a wannan matakin, a turo takardar. In gwaji ne ina lambarsa, kuma me ya sa ake karɓar kuɗin maganin, tunda a gwaji na gaske mai ɗaukar nauyi ne ya saba biyan kuɗin abin da ake gwadawa, kai dai jirgi da masauki da wasu kuɗin asibiti ne naka. Mutum nawa masu irin ciwon Baba kuka yi wa, nawa ne ƙarinsu ya ragu a sikanin, a wace mujallar likitanci aka buga? In amsar ita ce hoton wata mata tana murmushi, ko wai adadin NK ɗin jini ya hau, ko a turo rabin kuɗi yau don gurbi zai ƙare, toh ka san inda aka dosa. Hawan NK a jini ba shi ne raguwar ƙari ba, gwajin 2011 ɗin nan abin da ya nuna kenan. Wanda kuma ya ce magani ɗaya ne ga ƙoda da furostet da nono da hanta har da tsufa, ni dai a wurina zance ya ƙare.

Haka ma kayan ƙara garkuwa da ake sayarwa a roba da sunan suna ƙara NK. Zogale da habbatus sauda da zuma abinci ne mai kyau ba wanda ya hana, amma duk wani jiƙo ko gari da za a ba mai ƙoda ɗaya ko wanda ƙari ya toshe wa hanyar fitsari, a nuna wa likita tukuna, ƙodar da ta rage ita ce jarinsa.

Babbar asarar ma ba kuɗin ba ce, lokaci ne. Kansar maraina misali, wadda ta fi kama samari, tiyata da kemo mai cisplatin suna warkar da sama da kashi 90 cikin 100, ko ta bazu ma akwai kyakkyawan fata, wanda ya bar wannan ya tafi neman leda wallahi an cuce shi. Furostet tana jin maganin rage sinadarin maza, ko allura ko 'yar ƙaramar tiyata, ga gashin radiyeshan, ga magunguna irin su abiraterone da docetaxel, mutane na shekaru a kai. Kansar ƙoda da bata bazu ba cirewa ake a wuce wurin. Ta mafitsara da ta shiga tsoka kuwa watanni kaɗan na jinkiri na iya mayar da wadda za a iya cirewa ta zama ba a iyawa.

Na san abin da ke sa dattawa gudun cire mafitsara, ba wuƙar ba ce, jakar fitsarin ce da zancen tsarki da sallah, da kunyar shiga sahu. Wannan magana ce da za a zauna a yi ta da malamin da Baba ya yarda da shi da kuma nas ɗin da ta san harkar jakar, don hukuncin mai lalurar yoyon fitsari sananne ne a fiƙihu kuma akwai rangwame a ciki, ita jakar kuma ƙarƙashin riga take ba mai gani. A yi wannan zaman da wuri, kafin a yanke shawara, ba sai an dawo daga yawon neman magani ba.

Wanda kuma aka yi wa BCG, ko shi kaɗai ko da Anktiva, aiki bai ƙare ranar zubin ƙarshe ba. Za a riƙa leƙa mafitsarar da kyamara ana gwada fitsari kamar duk wata 3 a shekaru biyun farko, sannan a riƙa tsawaitawa. Ka rubuta ranakun a bayan katin asibiti, ka ware kuɗin leƙen tun yanzu cikin lissafi don shi ne ake yawan mantawa, in yana shan taba a daina, kuma ko da fitsari ya yi fari tas a je, domin CIS shimfiɗe take a bango ba ta yin tudu, tana iya dawowa ba jini ba zafi, sikanin ma ya wuce ta bai gani ba. Ka tambayi likitan tun yau, in ta dawo a wata na 3 ko na 6 mene ne mataki na gaba, kuma a wane lokaci ne zai ce a daina zubi a cire.